Gari Ba Ganuwa: Tarken Hanyoyin Rubuta Tarihin Wuri, Daga Ƙauyukan Ingila Zuwa Treichville ta Abijan

1.0 Gabatarwa

Da wuya shekara ta wuce a sassan koyar da Hausa na jami'o'i ba a sami ɗalibin da ya gabatar da kundin kammala digiri a kan tarihin garinsu ba. Duk wanda ya duba irin waɗannan kundaye zai tarar kusan zubinsu ɗaya ne: babi na farko asalin gari da maharbi ko malamin da ya sari dajin, babi na biyu jerin sarakuna, na uku sana'o'i da al'adu, sai kammalawa. Wannan zubi gadonsa ɗalibai suka yi daga magabata, kuma yana da amfaninsa. Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarkensa ta hanyar aza shi kusa da wani zubin, wato na masu rubuta tarihin ƙauyuka da garuruwan Ingila, sannan a gwada duka biyun a wani wuri da Hausawa suka daɗe suna zaune alhali ba su suka kafa shi ba. Wurin kuwa shi ne kewayen babban masallacin Treichville da unguwar Adjamé a birnin Abijan na ƙasar Kwaddebuwa. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: ta yaya za a rubuta tarihin Hausawa a garin da ba su da ganuwa, ba su da sarautar gado, ba su kuma da labarin wanda ya fara saran daji?

2.0 Zubin Ingila

Masu rubuta tarihin garuruwan Ingila sun dogara ne a kan abubuwa uku: takarda, da suna, da ƙasa.

Ta fuskar takarda, babbar madogararsu ita ce kundin Domesday na shekarar 1086, wanda Sarki William ya sa aka tattara domin sanin dukiyar ƙasar da ya ci da yaƙi. A cikinsa an ambaci wurare sama da 13,000, tare da masu su da garmunansu da injinan niƙansu. Daga 1538 kuma aka wajabta wa kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A kan irin waɗannan takardu aka gina jerin littattafan Victoria County History da aka fara a 1899, waɗanda ke bin ƙasar gunduma-gunduma, ƙauye-ƙauye.

Ta fuskar suna, an kafa ƙungiyar nazarin sunayen wurare ta Ingila a 1923, kuma ƙa'idarta guda ce: ba a fassara sunan wuri sai an tattaro tsofaffin rubuce-rubucensa an jera su bisa shekaru. Da haka aka gane cewa ɗafa-ƙeyar -ton da -ham na tsohon Ingilishi ne, suna nufin gandu mai shinge da mazauni. -By ta mutanen Denmark ce da suka zauna a gabas da arewa a ƙarni na 9, kamar a Grimsby da Derby. -Chester da -caster kuwa daga kalmar Latin ta sansanin soja suke, kamar a Manchester da Lancaster. Oxford ba komai ba ne illa mashigin shanu. Sunan York misali ne mai kyau: Rumawa sun kira garin Eboracum, masu tsohon Ingilishi suka mai da shi Eoforwic domin ya yi kama da kalmarsu ta gursunu, mutanen Denmark suka ce Jorvik, har aka iso ga York. Wanda ya tsaya ga sunan yau kaɗai, ko ga bayanin da mazauna garin suka ba shi, ba zai taɓa ganin waɗannan al'ummu da suka ratsa ta cikin kalma ɗaya ba.

Ta fuskar ƙasa, W. G. Hoskins, wanda ya fara jagorantar sashen tarihin garuruwa a Leicester a 1948, ya nuna a littafinsa The Making of the English Landscape (1955) cewa shinge da kunya da lanƙwasar hanya duk shaidu ne, muddin mai nazari zai taka da ƙafarsa ya duba. Maurice Beresford (1954) ya bi sawun ƙauyukan da suka zama kufai, irin su Wharram Percy a Yorkshire, wanda ya watse a wajajen 1500 bayan masu ƙasa sun mai da gonaki makiyayar tumaki.

Sai dai wannan zubi yana da nasa raunin. Na farko, tsofaffin juzu'an Victoria County History sun fi ba da ƙarfi ga yadda gandun ƙauye ya riƙa fita daga hannun wannan iyali zuwa wancan, wanda in an duba da kyau jerin sarakuna ne a wata riga. Na biyu, zubin ya fi ƙaunar wanda ya zauna a kan wanda ya zo wucewa, domin mai gona ne ke barin takarda, ɗan ƙodago ba ya bari. Na uku, akwai ƙyamar sabon abu: Hoskins ya rufe littafinsa da kukan cewa kusan duk canjin da ƙasar ta gani daga 1914 ɓarna ce. Mai irin wannan ido ba zai ga abin nazari a unguwar leburori ba.

3.0 Zubin Hausa

Uwar rubutun tarihin gari a ƙasar Hausa ita ce Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Littafin Alhaji Abubakar Dokaji, Kano ta Dabo Cigari (1958), shi ma a kan wannan turba ya tafi. Ƙashin bayan zubin shi ne zamanin sarki: duk abin da ya faru, a ƙarƙashin sunan wani sarki ake ajiye shi.

Kuskure ne a ce babu labarin ƙasa a cikin wannan zubi. Tarihin Kano ya ambaci dutsen Dala, da fara ginin ganuwa a zamanin Gijimasu, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, da kafa kasuwar Kurmi a zamanin Rumfa. Haka kuma ya fi zubin Ingila kula da masu shigowa, domin yakan faɗi wa ya zo, daga ina, da me ya zo. Matsalar ita ce duk waɗannan suna fitowa ne a matsayin aikin sarki ko abin da ya faru a gabansa. Inda babu sarki, sai alƙalami ya rasa inda zai rataye labari.

Rauni na biyu ya fi bayyana a kundayen ɗalibai, wato karɓar labarin asalin suna ba tare da tankaɗe ba. A ce Kano sunan wani maƙeri ne daga Gaya, Zariya sunan 'yar sarki ce, Sakkwato daga kalmar Larabci ta kasuwa take, sai a wuce. Waɗannan labarai adabi ne mai daraja, kuma suna nuna yadda al'umma ke son ta ga kanta, amma wannan bai mai da su hujjar ilimin harshe ba. Abin mamaki kuwa, sunayen wurare na Hausa sun fi na Ingila sauƙin karantawa, domin yawancin kalmominsu na nan da rai: Birni da Gida da Tunga da Ruga da Zango da Rijiya da Mararraba da Tasha. Kowace na nuna irin zaman da aka fara yi a wurin, kuma wasunsu na nuna zamani, domin Kwanar Ɗangora ba za ta girmi hanyar mota ba. A cikin birnin Kano kaɗai, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa sun isa su ba da tarihin baƙi ba tare da an ambaci sarki ko ɗaya ba. Tun 1964 Kirk-Greene ya yi nuni ga wannan fage, amma har yanzu kundaye ƙalilan ne ke bin sa.

4.0 Gwaji a Treichville da Adjamé

4.1 Ƙasa da Suna

Abijan na zaune ne a bakin tafkin Ébrié, wani dogon ruwa da ke kwance a bayan gaɓar teku. Faransawa sun fara ajiye hedikwatarsu a Grand-Bassam a 1893, annobar shawara ta kore su zuwa Bingerville a 1900, sannan suka dawo Abijan a 1934, inda tun 1904 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa. Turawa suka zauna a kan tudun da ake kira Plateau. Baƙar fata kuwa aka raba su biyu: wasu a kudu, a tsibirin Petit-Bassam, ruwa ya shiga tsakaninsu da Turawa, nan ce Treichville, wasu a arewa, barikokin soja suka shiga tsakani, nan ce Adjamé. Ɗalibin da ya san yadda aka yanka Sabon Garin Kano bayan isowar jirgi a 1911, da filin yadi 440 da dokar 1917 ta ce a bari tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, zai gane wannan tsari nan take. A nan idon Hoskins ya yi rana: taswirar gari da kanta tana faɗin wa ke mulki, wa ake tsoro. Gadar da ke yawo a kan ruwa ta 1931, da mashigin Vridi da aka buɗe a 1950 wanda ya ba manyan jirage damar shiga tafkin, da gadar Houphouët-Boigny ta 1957, su ne suka mai da Treichville masaukin 'yan ƙodago daga duk faɗin Afirka ta Yamma.

Ƙa'idar jera tsofaffin sunaye ma ta yi aiki. Wurin da ake kira Treichville asalinsa ƙauyen Anoumabo ne na mutanen Ébrié. An kuma san shi da Commikro, wato ƙauyen akawuna, inda aka haɗa kalmar Faransanci ta akawu da -kro ta harsunan Akan mai nufin ƙauye, irin wadda ke cikin Yamoussoukro. A 1934 aka raɗa masa sunan Marcel Treich-Laplène, wakilin Faransa da ya mutu a 1890. Suna uku, harshe uku, iko uku, kamar dai York. Adjamé kuwa ta riƙe sunanta na Ébrié, wanda ake fassarawa da mahaɗa, kuma tashoshin mota da manyan kasuwanninta sun gaskata sunan. Shi kansa Abijan yana da irin labarin da ɗalibai ke so: wai wani Bature ne ya tambayi wani mutum sunan wurin, shi kuwa bai fahimta ba ya amsa da cewa daga yankan ganye yake. Labarin na da daɗi, amma sanin cewa akwai wani reshe na mutanen Ébrié mai suna Bidjan ya fi shi nauyi a ma'auni.

Inda zubin Ingila ya tsaya cik shi ne a cikin titunan Treichville, domin an yanka su ne a miƙe kamar gidan dara, aka ba su lambobi: Avenue 8, Avenue 16, Rue 12. Lamba ba ta da tushen kalma. Wanda ya zo neman Hausawa a taswirar hukuma zai koma hannu rabbana.

4.2 Masallaci a Madadin Fada

Babban masallacin Treichville yana kan Avenue 8. A unguwar akan kira masallatai da sunan al'ummar da ta tsaya musu, a ce na Julawa, a ce na mutanen Senegal, kuma wannan shi ne ainihin abin da Tudun Nufawa da Agadasawa ke yi a Kano. Ke nan sunayen da ke ɗauke da tarihin baƙi na nan, sai dai a baki suke, ba a allon titi ba.

A nan ne zubin Hausa zai iya ceton kansa, idan aka ɗauke dabarar jeri daga kan sarki aka aza ta a kan wasu mutane. Masallaci yana da jerin limamai da na'ibai da ladanai; yana da labarin wanda ya nemi fili da waɗanda suka tara kuɗin gini; yana da harshen da ake fassara huɗuba da shi, wanda ke nuna su wa suka fi yawa a sahu. Abin da rajistar coci ke yi wa mai tarihin ƙauyen Ingila, shi waɗannan jeri za su yi wa mai tarihin zango. Haka kuma akwai jerin masu gida, wato fatomomin da ke saukar da baƙi su shige musu gaba a ciniki. Cohen (1969) a Sabo ta Ibadan, da Schildkrout (1978) a zangon Kumasi, da Pellow (2002) a Sabon Zango na Ankara duk sun nuna cewa gidan maigida shi ne ginshiƙin zaman Hausawa a kurmi. Dole ne kuma ɗalibi ya tuna cewa a Abijan Hausawa tsiraru ne a cikin Musulmi, kuma Julanci ne harshen kasuwa, saɓanin zangunan Gana inda Hausa ta zama harshen kowa. Wanda ya ɗauko ma'aunin Kumasi ya aza a Treichville zai yi aringizo.

4.3 Sawun Hausawa a Cikin Kalmomi

Zaman Hausawa a wannan ƙasa ya girmi Abijan. Fataucin goro, wanda Mahdi Adamu (1978) da Lovejoy (1980) suka yi bayaninsa, ya kai su yankin Bonduku da Kong tun kafin zuwan Faransawa. Binger, wanda ya shiga Kong a 1888, ya tarar da unguwar marina ta mutanen da Julawa ke kira Maraba, wato Hausawa, sunan da ake dangantawa da gaisuwarsu ta maraba. Wannan kalma ce ke cikin sunan garin Marabadiassa a tsakiyar ƙasar, wanda Mori Ture ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, ma'anarsa kuwa sansanin Maraba. Darasin a nan shi ne, sawun Bahaushe a ƙasar wani yakan zo ne da sunan da mai masauki ya raɗa masa, saboda haka wanda ke neman kalmar “Hausa” kaɗai zai tsallake shi bai sani ba.

A Abijan ta yau sawun ya fi fitowa a kalmomin abinci. Garba, wato acake na rogo da soyayyen kifin tuna, shi ne abincin talaka da ɗalibi, kuma 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Akan ce ya samo suna ne daga yawan masu suna Garba a cikin masu sana'ar. Wasu kuma na danganta shi da Dicoh Garba, ministan albarkatun dabbobi na shekarun 1970. Ga aikin da ya dace da ƙa'idar 1923: a nemo inda kalmar ta fara bayyana a jarida ko waƙa, sannan a yanke hukunci. Haka ma aboki, wadda ta shiga Faransancin titi da ma'anar mai teburin shayi da kofi. Kalmar da ke nufin amini a Hausa ta koma sunan sana'a a bakin wasu, kuma wannan sauyin ma'ana shi kansa tarihin dangantaka ne.

4.4 Fim a Matsayin Labarin Ƙasa

Sanannen aikin da ya nuna Treichville ta idon baƙo ɗan arewa fim ne, wato Moi, un noir na Jean Rouch, wanda ya ci kyautar Louis-Delluc a 1958. Rouch ya bi wasu samarin Nijar da suka zo ci-rani, babbansu Umaru Ganda, lebura a tashar jiragen ruwa wanda ya yi yaƙin Indochina, daga baya kuma ya zama mai shirya fim har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. An ɗauki hoton babu sauti, sannan Ganda ya aza muryarsa a kai. Ƙarfin fim ɗin shi ne ya tsara gari bisa kwanakin mako: inda ake neman aiki, inda ake cin abinci, inda ake dambe da rawa ranar hutu. Wannan labarin ƙasa ne na mai tafiya a ƙasa, abin da Domesday da Tarihin Kano duk ba su da shi.

Amma dole a karanta shi da hattara. Muryar da Faransanci take, kuma Rouch ne ya zaɓi abin da za a gani. Samari marasa aure ne suka cika shi, malamai da masu gida da matan aure kuwa, waɗanda su ne ke kafa zango, suna can gefe. Bugu da ƙari, Ganda Bazabarme ne. A biranen gaɓar teku akan kira duk Musulmin da ya fito daga Nijar ko arewacin Nijeriya Bahaushe, kuma ɗalibin da bai tantance wannan ba zai cika kundinsa da mutanen da ba su taɓa kiran kansu haka ba.

5.0 Abin da Ke Cikin Lamarin

Wannan magana ta wuce gyaran zubin kundi. Tarihin da ya ginu a kan wanda ya fara saran daji yakan raba mazauna gari biyu, 'yan ƙasa da baƙi, ko da kuwa kakan baƙon a nan aka binne cibiyarsa. Kwaddebuwa ta ɗanɗana kuɗar wannan tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aƙidar tantance ɗan ƙasa na asali ta shiga siyasa, har ta kai ga yaƙin 2002 da rikicin 2010 zuwa 2011. Alhali a Treichville ɗin nan ta baƙi aka kafa jam'iyyar PDCI a 1946, wadda ta kai ƙasar ga 'yanci a 1960. Su ma masu asalin ba su tsira ba, domin a 2024 an rushe wani ɓangare na tsohon ƙauyen Adjamé saboda aikin hanya. Unguwar birni tana iya zama kufai cikin kwana ɗaya, kuma ba ta barin kunya a ƙasa irin ta Wharram Percy da wani zai zo ya tona bayan shekara ɗari biyar. Abin da ba a rubuta daga bakin tsofaffinta ba ya tafi ke nan.

Akwai abin koyi a gida. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi har ya rasu a 1934, ya rubuta bayanan garuruwa da sana'o'i da hanyoyin fatauci da ajamin Hausa, yana zaune a zango, ba a inuwar wata fada ba.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta auna zubi biyu na rubuta tarihin wuri. An ga cewa na Ingila ya ƙware wajen tankaɗe suna da karanta ƙasa, amma ya fi son mazaunin da ya bar takarda. An kuma ga cewa na Hausa ya iya riƙe jeri da labarin masu shigowa, amma ya rataye komai a wuyan sarki, yana kuma karɓar labarin asali ba bincike. Gwajin Treichville da Adjamé ya nuna cewa ɗalibin da zai rubuta tarihin zango, ko ma na unguwarsu a Kano ko Maraɗi, yana bukatar ya fara da zana taswirar wurin da ƙafarsa, ya tattara duk sunayen da aka taɓa kiran wurin da su tare da harshen kowanne, ya bambanta labarin suna da tushen suna, sannan ya gina jerinsa a kan limamai da masu gida da shugabannin sana'a. In ya yi haka, babinsa na biyu ba zai zauna fayau ba don kawai garin ba shi da sarki.